Haƙorin Makkan Hajiya da Zaren Bafulatana

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai kai ga hana ni ganin yatsun ƙafata ba, mahaifiyata ta yi ta fama da ciwon ciki ta gefen dama. Ta sha jiƙe-jiƙe har gidanmu na unguwar Birni a Zinder ya koma warin saiwa, kafin ƙanwata ta matsa muka kai ta likita. Aka ɗauki hoton ciki, lokotoro ya ce tsakuwa ce a maɗaciya, sai an yi aiki. Yadda ya kwatanta yawan tsakuwar, na ce masa idan an fiddo a ajiye mini, ina da ginin da ya tsaya.

Kafin ranar aiki aka ba mu randebu, ranar ganawa da mai sa barci, wato wadda za ta kwantar da Hajiya ta kuma kula da numfashinta har a gama. Muna shiga ɗakin Hajiya ta ƙare wa matar kallo, doguwa siririya mai dogon hanci, sannan ta juyo wajena.

"Kai, wannan ai Bafulatana ce."

Mu Barebari ne, kakanninmu daga Barno suka zo, kuma kun san tsakaninmu da Fulani ba a gaisawa sai da tsiya.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji matar tana dariya. "Yau Allah ya kawo mini Babarbariya har hannu."

"Yanzu ke zan damƙa wa numfashina? Saniya na yin kuka a waje ai fita za ki yi ki bar ni."

"Zan ɗaure ta kafin in shigo. Buɗe baki."

Ta sa ta buɗe baki iya ƙarfinta, ta fito da harshe, ta ɗaga kai sama kamar mai neman jinjirin wata, ta auna ƙarƙashin haɓarta da yatsu. Ashe ni ma ina gefe ina yin duk abin da aka ce ban sani ba, har sai da ta ce, "Malam, kai rufe naka." Daga nan ta sa safar hannu tana taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kan haƙorin Makka, na zinarin nan da ke gaba ta sama, sai ya yi mata rawa. Ta sake taɓawa. Ya sake rawa, har da rausaya.

Nan fa wasa ya tsaya. Ta yi mana bayani a nutse. Ta ce idan an sa mutum barcin aiki, ba ya iya numfashi da kansa yadda ya kamata, sai a zura masa wani tiyo a maƙogwaro, na'ura tana hura masa iska. Kafin tiyon ya shiga kuwa, akwai wani ƙarfe mai fitila da take ɗaga harshe da shi don ta ga hanya, kuma ta gefen haƙoran gaba yake bi. Haƙori mai girgiɗa yana iya cirewa ya gangara huhu, mai shi yana barci ba ya iya tari. Shawararta ita ce a je wajen mai haƙori a cire shi tukuna.

Hajiya ta rufe bakinta da mayafi, ta miƙe.

"A bar mini tsakuwata. Kai, mu tafi."

Jama'a, na yi lallashi a duniya. Na taɓa sasanta mahauci da mai kare. Amma ranar na san ban iya komai ba. Na ce zan sa a yi mata wani sabo wanda ya fi shi ƙyalli, ta ce na Zinder ko na Makka? Na ce ai hajjinki yana wurin Allah, ta ce ta riga ni sani. Ƙanwata ta yi kuka, Hajiya ta ce ta je ta yi a ɗakin mijinta. Ana cikin haka ciwon ya sake tashi, muna jin nishinta har zaure, ko kunu ba ya zama a cikinta. A nan ne tana dafe da gefenta ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da aka sa mini shi babanku yana tsaye a kaina yana yi mini dariya. Ya ce yanzu ko a duhu ba zan ɓace masa ba." Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa a lokacin. Ni mai surutun da ba a raba ni da amsa, sai na tsinci kaina ina gyara hula.

Na koma wajen Bafulatanar ni kaɗai na faɗa mata. Ta ce akwai wata hanya, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Za ta ɗaure haƙorin da zaren ɗinkin aiki, ta fito da bakin zaren ta manne shi a kumatu. Za ta yi iya ƙoƙarinta kada ƙarfen ya taɓa shi. In ya tsaya, shi ke nan. In ya cire, zare zai riƙe shi, ba zai wuce ciki ba.

Hajiya ta yarda da wannan, bayan ta sa na maimaita mata har muryata ta dushe.

Da safen ranar aiki aka ɗaura zare baƙi a gindin zinari, aka manne shi da filasta a kunci. Hajiya ta koma kamar tarwaɗar da ƙugiya ta kama. Ta ce in tsaya a gaban gadon da ake tura ta, kada wani ɗan Birni ya gan ta a haka. Da faɗin jikina kuwa, ko unguwa guda na iya karewa.

Muka zauna a benci bakin ƙofar bulok, ɗakin aikin ke nan. Ina ta ba ƙanwata baki, ina cewa namiji ba ya karaya. Can sai ga Bafulatanar ta fito tana tafe a hankali, riƙe da wani abu a dunƙulen auduga mai ɗan jini. Wallahi zuciyata ta faɗo ƙasa, ta yi birgima har garin Droum. Ƙanwata ce ta riƙe namijin.

"Aiki ya yi kyau, tana farfaɗowa," in ji ta. "Tiyo ya shiga lafiya, ban ko gogi haƙorin ba. Wajen fiddo shi ne, tana farkawa ta gartsa masa cizo. Barebari ko a barci sai sun yi faɗa."

Ta buɗe audugar. Ga haƙorin Makka nan da zarensa a wuya. Ta ce a gefen leɓe ta same shi yana lilo. Na dubi ɗan abin nan, na tuna inda zai tafi da babu zaren.

"To wa zai gaya mata?" na tambaya.

"Kai ne ɗanta."

"Ke ce lokotoro."

"Ni barci nake sawa, Malam, ba na kai saƙon ta'aziyya."

Ashe ba sai an gaya mata ba. Ina shiga na tarar idonta a rufe, amma harshenta yana ta kai da komo a bayan leɓe. Ya isa wurin, ya tsaya. Ta buɗe ido. Muryarta a shaƙe saboda tiyon.

"Yana ina?"

Na miƙa mata audugar.

"Ciki ya faɗa suka ciro?"

"A'a, Hajiya. Zaren ne ya riƙe shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har na fara lissafin garin da zan koma da zama. Sai ta dunƙule shi a tafin hannunta ta ce, "To ai bai ɓace ba. Kira mini Bafulatanar nan in sa mata albarka, amma kada ka gaya wa kowa."

Yanzu ga shi na gaya wa duniya.

Har yau in na ji wani zai shiga aiki, sai in tare shi in ce ya faɗa wa mai sa barci duk abin da ke motsi a bakinsa, na Allah da na sawa, kada ya ji kunya. Da can ina zaton mai wuƙa ne kaɗai ke aiki a ɗakin nan. Ban san akwai wadda ke tsaye ta wajen kai ba, tana lura da iskarka, tana tunanin haƙori guda tun kafin ka kwanta.

Hajiya tana nan da ranta, tana cin tuwonta ba ciwo. Wani maƙeri a Birni ya zare mata zinarin, haƙorin kuma ta sa aka binne. Na sha cewa a cike mata giɓin, ta ƙi. Zinarin yana ƙulle a bakin zanenta, in jikoki suka dame ta da tambaya sai ta kwance ta nuna musu, ta yi dariya da giɓinta a waje, ta ce, "Kakanku ya ga lokacin da yake sama."