Jinin Ƙaguwa da Allurar Baba

Akwai wata Juma'a a unguwar Batha, a ƙasar waje inda muke ci-rani, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Bayan la'asar ne, muna shan shayi a ɗakinmu, ni da wani dattijo mahauci ɗan Zinder da kowa ke kira Baba. A lokacin na bar aikin rediyo a gida, ina aikin ofis a wani kamfanin shigo da magunguna a unguwar Ulaya.

Ni na jawo maganar. Na nuna masa wani bidiyo a wayata: ƙaguwar teku mai siffar kofaton doki, an jera su an ɗaure, jininsu shuɗi yana ɗiga cikin kwalabe. Na ce da wannan jinin ake gwada tsabtar allurai, kuma wasu jihohin Amurka sun fara kafa dokar hana kama ƙaguwar.

Baba yana da ciwon suga, kullum sai ya yi allura. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Shi ke nan. Na daina."

Kuma ya daina ɗin. Kafin mako ya zagayo idonsa ya faɗa, aiki ya fara gagarar sa, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya fara zancen mayar da shi gida. Na zaci haramcin jini yake gudu, sai na zauna na yi masa bayani dalla-dalla cewa ko ɗigo ba ya shiga allurar.

"Kai ɗan rediyo, ka gama karanta labaran?" in ji shi. "Na ji ba ya shiga. Amma mu a mahauta, dabba ko ka yanka ta da sunan Allah, ko ka ƙyale ta da jininta. Ka tatse ta da rai ka jefa ta ruwa tana layi? Mahaifina da mari zai raka mutum."

Na ce, "Baba, in ka mutu ba a fasa tatsar ba. Dokar ce ke hanawa, kuma an samo gwajin da ba ya buƙatar jinin."

Sai ya ce in miƙo masa allurar, amma da sharaɗi: duk Juma'a in kawo masa labarin inda dokar ta kwana. Haka muka yi ta yi, shayi yana hucewa, yana gardama kamar ƙaguwar garken gidansu ce. Har yau ina kewar wannan zama na yamma.

A wurinsa na koyi cewa halittar da kake amfana da ita tana da haƙƙi a kanka, ko ba ka taɓa ganinta ba. Baba ya koma Zinder da ƙafarsa bayan iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare.