Ƙyallen da Khala Bashiran Ta Ɗaura

Khala Bashiran (khala, wato inna) tela ce a layinmu a Gujranwala, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Da keken ɗinki ta raini ɗanta Shahzeb bayan rasuwar ubansa, har ya zama mai buga wa Pakistan kurket, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda. Ni dai tun yana yaro yana fasa mana tagogi da ƙwallo ban cika yarda da shi ba, murmushinsa ya yi yawa.

Duk tafiyar da zai yi, sai ta naɗe kwabo a koren ƙyalle ta ɗaura masa a damtse, kamar yadda iyaye mata ke yi wa matafiyi. In ya sauka lafiya sai ya kwance ya ba da kwabon sadaka.

A wani wasa a ƙasar waje, muna kallo a shagon shayin Pervez, Shahzeb ya tsaya da sandarsa ya naɗe hannun riga, koren ƙyallen ya fito sarai a talabijin. Jifa na gaba aka fitar da shi, ko maki ɗaya bai ci ba. Bayan mako guda ya sake yin haka.

"Ai sigina ce yake yi wa 'yan caca," in ji Pervez. "Ɗan Khala ya fara kasuwa, jama'a, a taya shi murna."

"Ka ji tsoron Allah, ka dafa shayinka," in ji wani tsoho.

Daga nan mata suka riƙa kawo mata ɗinki ba don ɗinkin ba, sai don su leƙa sabon firjin da ke tsakar gida. Masu binciken maguɗin wasa suka kira Shahzeb. Ya ce uwarsa ce ta ɗaura masa, kowa ya san al'adar. Suka zo har gida, ta ce e, hannunta ne. Aka wanke shi, ya koma wasa, unguwa ta raba alewa.

Ranar na shiga yi mata barka, na tarar da ita zaune gaban keke ba ta ɗinka komai. Sai na ji tausayinta.

"Khala, ki saki ranki mana, an wanke shi."

"Puttar," ta ce, haka take kiran duk yaran layin, "ranar da ya sauka ya bugo mini waya. Ya ce ya kwance, ya ba wani mai shara kwabon. Na ji da kunnena."

Wasan farko da aka ga ƙyallen a damtsensa kuwa, sai da Shahzeb ya yi kwanaki da sauka aka buga shi.

"To kin tambaye shi?"

Ta daɗe tana murza zare a yatsa.

"Ban tambaya ba. Yaron nan bai taɓa iya yi mini ƙarya ido da ido ba. In na tambaya, zai faɗa mini."