Tambayar da Aka Aike Ni da Ita

Ranar Laraba ce da hantsi, a zauren wani otal a birnin Katsina. Akwai ma'aikatan banki, da jami'an asibiti, da malaman jami'a, sai baƙi daga kamfanin da ya zo nuna manhajarsa ta sarrafa rumbun bayanai. Ni kuwa ƙungiyar manoman masara ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ce ta turo ni, domin ni ke shigar da bayanan mambobinta a kwamfuta tun da na bar aikin rediyo.

Tambaya ɗaya aka aike ni da ita. Shugabanmu, Alhaji, ya sake nanata mini ita a tasha: "Ka tambaye su ko abin nasu yana aiki inda babu sabis. In ba ya yi, kada mu ɓata lokacinmu." A Pauwa da Damari sabis kan ɗauke na kwanaki, wakilanmu su kasa aiko da sunayen manoma, rabon taki ya tsaya.

Injiniyan kamfanin ya yi bayani mai kyau. Ya nuna a majigi yadda rassa da yawa za su zuba bayanai wuri ɗaya, kowa ya gani nan take. Bai ambaci wurin da babu intanet ba.

Da aka zo tambayoyi, mai gabatarwa, wata matashiya, ta ce lokaci ya ƙure, kowa minti ɗaya. Na ɗaga hannu, aka ba ni makirufo.

A wajenmu ba a buɗe baki a taro sai an bi manya ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka tsallake zai riƙe abin har kaka ta zagayo. Don haka na yi sallama, na gaida shugaban taro, na gaida malaman jami'a, na yi wa baƙi sannu da hanya. Na ji muryata tana fita tas daga lasifika kamar lokacin da nake rediyo, har abin ya yi mini daɗi. Ina cikin isar da gaisuwar Alhaji sai matashiyar ta katse ni.

"Baba, mun amsa gaba ɗaya. Amma lokacinka ya cika."

Wani daga baya ya ce, "Ku bar shi, saura direbobi da masu gadi!"

Zaure ya ɗauki dariya. Na miƙa makirufo na zauna. Ma'aikacin bankin da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Malam, ko ɗaurin aure aka ce maka?"

Lokacin cin abinci na hangi injiniyan shi kaɗai kusa da teburin shayi. Babu abin da ya hana ni zuwa. Na nufe shi, sai na ji wata tana ce wa ƙawarta, "Ga mai gaisuwar nan." Na wuce shi kamar ƙofa nake nema. Na shiga masallaci na daɗe, daga nan na tafi tasha ban koma zaman yamma ba.

A Faskari shugabannin rassa suka taru don jin sakamako.

Alhaji ya ce, "To, me suka ce?"

"Ban yi tambayar ba, Alhaji."

"Hana ka suka yi?"

"Sun ba ni dama. Gaisuwa ce ta cinye lokacin."

Ya ce, "Ka dai gaishe su duka?"

"Kusan duka."

"To, madalla. Ba za a ce ba mu da tarbiyya ba."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Hajiya mai kula da reshen Sabuwa ta gyara mayafinta ta ce, "Mu dai matan Damari taki suke tambayata, Malam. Me zan ce musu?"



Da kamfanin ya sake taro, Hajiya aka tura. Ta dawo da amsa a ranar: manhajar ba ta aiki sai da intanet.