Amawalin maƙwabcinmu a shingen jandarma

Ranar kasuwar Tabotaki ce, mun taso daga Babankatami cikin wata tsohuwar mota, an cusa mu har da buhunan albasa. A gabana maƙwabcinmu ne, Buzu, wanda ke kiwon shanun gidanmu tun da mahaifina na raye. Kusa da shi surukinsa, dattijo mai fama da ciwon ƙafa, maƙwabcin namu za shi kai shi likita.

Damanar nan an yi ta sace dabbobi, sai aka kafa shinge a hanya. Wani jandarma ya leƙo, ya bi mu da ido, ya ce masu rawani su sauko. Ni ko katin ɗan ƙasa ban ɗauko ba, wallahi babu wanda ya tambaye ni. Maƙwabcinmu kuwa nashi na aljihu.

Jandarman ya duba hoton katin, ya ce ya sauke amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki da hanci, a ga fuska.

To, a al'adarsu namiji ba ya buɗe baki da hanci gaban surukinsa, wannan tsiraici ne a wurinsu. Sai ya tsaya, hannunsa bisa rawanin, yana satar kallon dattijon. So yake tsohon ya ɗan matsa kawai. Jandarman baƙo ne a ƙasar, ina ya san wannan! Ya daka tsawa, ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye fuska, ya sa hannu ya fizge rawanin.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dattijon ya yi maza ya juya baya, ya fuskanci duwatsu.

Na sauko na ce na san shi, mutumin kirki ne. Jandarman ya ce, "Malam, koma mota, ba da ku ake ba. Nasu nike so ya shaide shi." Ya juya ga tsohon: "Baba, dubi mutumin nan. Ka san fuskarsa?"

Tsohon ya ce, "Mijin ɗiyata ne."

"Na ce ka dube shi!"

Bai juyo ba. Aka sa maƙwabcinmu a motarsu, kansa a buɗe, aka nufi garin Bouza da shi. Sai da ƙarar motar ta ɓace dattijon ya tambaye ni ko sun bar shi ya ɗauki rawaninsa. Na ce sun bar shi. Alhali rawanin yana nan ƙasa, kusa da ƙafata.