Ranar da Malam Sule Ya Harba Bindiga da Hannu Ɗaya

"Matsa baya, Hajara, yau za ki ga harbin Bature!"

Haka maigidana Malam Sule, Allah ya jiƙansa, ya ce da ni a gonarmu ta wajen Doguwa, 'yan shekaru kafin a samu 'yancin kai. Birai ne suka sa masararmu a gaba, ita ce kuwa abincinmu na shekara.

Wai ya taɓa ganin wani Bature a Tudun Wada yana harba 'yar ƙaramar bindiga, libarba, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a ƙugu. Shi kuwa doguwar bindigar toka ya aro. Ya haɗe ƙafafu, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga ta tana rawa.

Daram! Hayaƙi na washewa sai ga Malam a kwarin kunya, ƙafafu a sama. Biran suka haye ɗorawa suna leƙensa.

Ni kuwa 'yar maharbi ce. Na sake ɗura masa ita, na ce, "Malam, ware ƙafa, ta hagu a gaba. Danna gindinta a kafaɗa, ka ɗan ranƙwafa, ka riƙe numfashi."

Ya bi yadda na ce, ya kakkaɓo babbansu. Ba su ƙara dawowa ba.

A hanyar gida ya ce, "Maganar nan ta tsaya a gona."

Na ce, "Bakina ba ya rufuwa sai da sabon zane."

Ranar kasuwa zane biyu ya kawo.

Zannuwan sun daɗe da ƙarewa, shi ya sa yau na sa jikata ta rubuta muku. Matan gida, ku wane asiri kuke riƙe wa naku mazan?