Ƙafafu Masu Lalle a Wayar Malama

Likita ce ta jawo min. Ta duba gwiwata, ta duba awon sukarina, ta ce zaman gida ya yi min yawa. Gaskiya ta faɗa. Tun da muka zo Riyad, inda maigidana ke aikin injiniya a gine-ginen Dir'iyya, tafiyata ba ta wuce daga kicin zuwa falo, sai ranar da aka ɗauke ni a mota zuwa kasuwar Dira.

Maƙwabciyata, wata nas 'yar Zariya da ta girme ni, ita ta kai ni wurin motsa jiki na mata zalla. Ban san rawa ake koyarwa ba sai da na rataye abayata na ji ganguna sun tashi. Malamar 'yar Kolombiya ce, Larabcinta bai fi nawa ba. Ta ce sunan rawar salsa, amma ba mai riƙe kowa, kowace mace ita kaɗai a gaban madubi.

"Yaya, rawa fa kika kawo ni!"

"To da tuwo kika zaci za mu tuƙa? Ɗaga ƙafa dai."

Da na gaya wa maigida sai ya ce ba laifi tunda mata ne, amma da sharaɗi: kada hotona ya shiga wayar kowa. Ko bai faɗa ba, abin da ke raina ke nan. A can ba ɗankwali nake yi ba, wando ne da tsohuwar rigarsa.

Duk Talata bayan la'asar sai mu tafi. Ƙafata ta hagu ba ta jin magana, in an yi gaba ita baya take nufa. Amma gwiwar ta saki, har na tsinci kaina ina taka rawar a gaban tukunya ina jiran albasa ta soyu.

Wata Talata Yaya na wurin aiki, na je ni kaɗai. An gama, na sunkuya ɗaukar gorar ruwana, sai na ga wayar malama a ƙasa, jingine da bango, tana fuskantarmu, jan ɗigo a kunne, alamar tana ɗaukar bidiyo. Malama ta ɗauki wayar tana murmushi, ta ce za ta tura wa kowa a guruf ɗin 'yan ajin don mu yi bita a gida. Ni ban taɓa shiga guruf ɗin ba. Ban tsaya tambaya ba, na zura abaya na fito.

A mota ina ta innalillahi a zuci. Ina ganin kaina ba lulluɓi ina juya ƙugu, daga wannan waya zuwa waccan, har Kano, har hannun surukata. Na yanke cewa zan fara ganin abin da idona, in gaya wa maigida, in haƙura da ajin. Haƙurin nan ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Washegari Yaya na dawowa na buga mata ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba. Ta saurare ni, ta kwashe da dariya har da riƙe bango.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Zo ki ga tsiraicin naki."

Ta buɗe min bidiyon a wayarta. Ƙafafu ne kawai. Daga idon sawu zuwa ƙasa, jere a kan katako. Ashe tun kafin zuwana matan Saudiyyar da ke ajin suka kafa wannan doka: waya a ƙasa take zama, a karkace, kuma sai babbarsu ta duba kafin a tura. Ba a cika ɗauka ba ma, sai in takun ya yi wuya.

Na zauna a kujerarta ina alhamdu lillahi, hawaye na zuba, ita tana ta tsokanata.

Ta tura min bidiyon. Da yamma na miƙa wa maigida wayata, na ba shi labari tun daga farko. Ya kalla, ya sake kalla, ya gyara tabarau.

"Waɗannan masu lallen, da kowa ya yi dama su suka yi hagu, kamar na san su."

"Baban yara!"

"Ki koma ranar Talata," in ji shi. "Da sauran aiki."