Ranar Da Na Ba Hajiya Izinin Fita

Shekarun baya, ba masu yawa ba, don ni kaina ban tara su da yawa ba, wani abu ya faru a gidanmu da har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Bari in ba ku, ko na huce.

Kakata ta wajen uba, wadda duk gida ke kira Hajiya, matata ce. Kar ku zaro ido, kun san wasan kaka da jika. Tun ina rarrafe take kirana Maigida, ni kuma in ce mata Amarya. In na dawo daga makaranta sai ta ce, "Ga malalacin mijin nan ya shigo, ko gishiri bai sayo ba." Ni kuma in ce, "Amarya, in na sayo nama da wane haƙorin za ki ci?" Bakin Hajiya kuwa, in ta fara yi wa mutum tsiya a Dala, sai na Goron Dutse ya leƙo ya ga wa aka kama.

Wata safiya tana alwala ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta daga asibiti, hannun dama yana kwance a cinyarta kamar na aro, bakin ya ɗan karkace. Likita ya ce maganar tana nan, sai dai a yi ta gwadawa. Amma da Hajiya ta ji yadda kalmomi ke fito mata a murɗe, sai ta rufe bakin gaba ɗaya. Na shiga na ce, "Amarya, yau fa na sayo gishirin." Ta juya ta kalli bango.

Malamar da ke yi mata gashin ƙashi a asibiti ta ba ta wani ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Hajiya ta dube shi, ta dubi malamar, muna isa gida ta ture shi ƙarƙashin gado. Na shiga ƙarƙashin gadon nan ɗauko shi har gizo-gizon wurin suka fara gaishe ni.

Da malamar ta ga haka sai ta gaya mana wani shiri da asibitinsu ke yi tare da gidan adana kayan tarihi da ke nan cikin gari. Duk Alhamis da hantsi ake tara tsofaffi masu irin wannan lalura a can. A auna musu jini, sannan a fito musu da irin kayan da suka yi rayuwa da su, su taɓa, su yi hira. Lokacin muna hutu, don haka ni aka ɗora wa rakiya.

Ni abin da na sani game da gidan tarihi shi ne ranar da aka kai mu daga makaranta, aka yi ta ce mana kar mu taɓa, kar mu jingina, saura kaɗan a ce kar mu yi numfashi. Wannan karon wani soro mai sanyi aka kai mu, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru. Malamar gidan tarihin ta fito da kayan da suka ware don taɓawa: akushi, faifai, da taskira cike da auduga, da mazari a ciki.

Muna shiga wata tsohuwar Bafulatana mai sanda ta ƙare wa zanen fuskar Hajiya kallo, ta ce, "Af, har da Barebari ake karɓa a nan? Malama, ki duba kayanki da kyau kafin a tashi."

Hajiya ta watsa mata harara. Wallahi daɗi na ji. Rabona da ganin wani abu a fuskar nan tun kafin ta faɗi.

Aka ajiye mata taskira a cinya, da ɗan allin da masu kaɗi ke shafawa a yatsa don kar mazari ya zame. Ba wanda ya ce mata ta yi komai. Tana zaune, tana zaune, sai na ga yatsu biyu na hannun nan na aro sun ja jiki sun dangwali alli. Ta murza mazarin, ya faɗi. Ta sake, ya sake faɗi. Amma ba ta ture shi ƙarƙashin komai ba.

Bayan 'yan makonni zare ya fara fitowa, mai kauri, wanda za a iya ɗaure rago da shi ya kwana. Har ta fara jefa wa Bafulatanar kalma ɗaya ɗaya: "Ba haka ba." "Kauce." Ni dai ba ta kira ni Maigida ba tukuna, amma na san muna hanya.

Sai Baffa ya shigo labarin.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanmu, kuma shi ne ɗan farin Hajiya. Kun san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Hajiya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. In tana da saƙo sai ta ba wani ya faɗa masa, ko da yana tsaye a gabanta. Shi kuma kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofarta ya gaida labule, ya wuce kasuwa.

Wata la'asar a majalisarsu ta ƙofar gida, ina wucewa da buta, wani abokinsa ya ce, "Alhaji, ashe Hajiya ta zama tarihi ba mu sani ba? An ce kun kai ta gidan ajiye tsofaffin kaya. A wane ɗaki aka jera ta, mu je kallo?"

Aka kwashe da dariya. Manyan mutane, masu furfura, har da mai tafa hannu.

Baffa ya shigo gida babbar riga na tashi. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Daga yau kar wanda ya sake kai ta wurin nan."

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ai asibiti ne suka ce..."

"Asibiti na sani, allura na sani, ƙwaya na sani. Uwata ba abin kallo ba ce."

Na ce, "Baffa, hannunta fa ya fara motsi."

"Kai, wa ya sa da kai?"

Na dubi mahaifina. Shi kuma ya gano wani abin sha'awa a jikin takalminsa, ya tsaya nazarinsa. A gidanmu ƙane ba ya ja da wa. Hajiya kuwa tana bayan labule tana jin komai. Da wani ne ya faɗi haka, ko da rabin baki sai ta wanke shi. Amma wancan ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya shiga ya gaya mata ido da ido. Ranar Alhamis na leƙa na tarar ta shirya. Ta yafa mayafi da kanta, a karkace, tana zaune a bakin gado, takalmi a ƙafa. Mutanen da suka yanke hukuncin duk sun tafi kasuwa. Ni aka bar wa.

Na ce, "Amarya, yau babu fita."

Ta dube ni. Ta sa hannun hagu ta zame mayafin a hankali, ta ninke shi a cinya, ta juya wa bango fuska.

Ku gaya mini, don Allah. Mutumin da bai taɓa zama ya ga yadda take kokawa da cokali ba. Mutumin da bai san wane hannun ne ma ya shanye ba sai ya yi tunani. Saboda wani mai cin goro ya yi masa dariya a kan benci, shi ke nan ya rufe wa uwarsa ƙofa ɗaya tilo da ta ga haske a cikinta. Wai yana kare mutuncinta. Mutuncin wa?

Na shiga yaƙi da Baffa. Na daina gaishe shi, bai lura ba. Na ɓoye masa takalmi ƙafa ɗaya, ya sa wani. Na tsara jawabi mai zafi a banɗaki, wanda da na faɗe shi da sai an kafa mini allo a Ƙofar Kabuga, amma duk sanda na gan shi sai in ji bakina ya ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Hajiya kuma kullum tana komawa baya. Kalmomin nan ɗaya ɗaya suka ɗauke. Abinci ma sai an yi da gaske.

Da ranar gashi ta zagayo, don asibiti dai bai hana ba, malamar ta riƙe hannun Hajiya ta ce, "Me ya faru? Ya na daina ganinku?" Na zazzage mata komai, har da ƙarin gishiri. Na so ta ce za ta turo 'yan sanda.

Sai ta ce, "Ba zan iya tilasta wa gidanku ba. Amma Baffan naka ya hana dubiya?"

Na ce, "Malama, wa ya isa ya hana dubiya?"

"To, shi ke nan."

Alhamis ta gaba da la'asar, daidai lokacin da majalisa ta cika, adaidaita sahu suka fara tsayawa a ƙofar gidanmu. Tsofaffi suka yi ta saukowa, wannan da sanda, wannan ana riƙe da ita. Malamar asibiti da abin awon jini, malamar gidan tarihi da taskira a hannu. Bafulatanar ce a gaba. Ta tsaya a gaban Baffa ta ce, "Sannunku da hutawa. Mun zo duba Hajiya."

Baffa ya ce, "Bismillah, ku shiga," da muryar wanda ya haɗiyi maɗaci. Mai barkwancin nan na rannan kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Kafin ka ce me, tsakar gidanmu ta cika. Bafulatanar ta ɗaga murya: "Ina Babarbariyar? An ce kin gudu ne don na fi ki kaɗi." Muka fito da Hajiya, aka sa mata taskira a cinya. Hannun ya yi tauri fiye da da. Ta dangwali alli da ƙyar, ta murza, mazarin ya faɗi. Wata ta miƙo mata, ba wanda ya ce sannu, hira kawai ake.

Ana cikin haka Baffa ya yi gyaran murya ya shigo. Ya ce, "Malama, mun gode da dubiya, Allah ya ba da lada. Amma maganar fita, na riga na yanke."

Hajiya ba ta ko kalli inda yake ba. Ni ta kalla.

"Mai... gida."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Na'am, Amarya?"

Maganar tana fita a murɗe, tana tsayawa tana hutawa, amma kowa ya ji. "Gaya wa wancan... mace... mijinta take tambaya." Ta ja numfashi. "Ka bar ni... in je Alhamis?"

Duk idanu suka dawo kaina. Ni da tsohuwar rigar ƙwallo da silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Na yi gyaran murya irin ta Baffa sak, na ce, "Na ba ki izini, Amarya. Amma a dawo kafin azahar a ɗora mini tuwo."

Ta ce, "Malalaci."

Tsofaffin nan suka fashe da dariya, har da mai share hawaye. Bafulatanar ta juya ta ce, "To Alhaji, mai mata ya yi magana. Kai a wa?"

Baffa yana tsaye yana kallon uwarsa, wadda rabonsa da jin ta haɗa magana tun kafin ta faɗi. Ya sa hannun riga ya goge fuska kamar gumi ne ya dame shi, ya juya. Sai da ya kai zaure muka jiyo shi yana cewa, "A nemo mai adaidaitan da ba ya gudu."

Kar ku ɗauka na huce. Ƙaramin yatsan Hajiya da na kusa da shi har yau ba sa buɗewa. Malamar asibiti ta ce ba wanda zai iya cewa makonnin nan da aka rasa ne suka jawo, kuma na yarda ta fi ni sani, amma ba ita ta ga an ninke mayafin nan ba. Wanda ya yi barkwancin na tabbata ya manta ya taɓa yi. Baffa kuwa, in baƙi suka yaba yadda Hajiya ta samu sauƙi, sai ka ji ya ce, "Ai mu muka ga ya dace a riƙa kai ta." Mu. Ranar da na fara jin haka sai da na fita na zaga unguwa.

Na daɗe ina tunanin ƙwallon roban nan da mazari. Kusan aiki ɗaya suke sa yatsu. Amma ƙwallo ce mata yake ta koma yarinya, mazari kuwa ce mata yake ita ce gwana. Masu asibiti da masu gidan tarihi sun gane haka, su da ba su haɗa komai da ita ba. Mu da muka fito daga jikinta, dariyar ƙofar gida ta fi ba mu tsoro a kan shirunta.

Har yanzu tana zuwa. In makaranta ta hana ni, ƙanwata ke raka ta, amma ba ta fita sai ta nemi izini tun da safe, kuma sai ta daidaici lokacin da Baffa ya zo gaida labule. Ta ɗaga murya yadda za ta iya: "Maigida, in fita?"

Ni kuma ba na saurin amsawa. Sai na gama shan kokona, na goge baki, na bari Baffa ya ɗan tsaya yana jira tare da kowa.